Shekara 100 a Bakin Hudson: Ramin da Ba a Haƙa Ba

A unguwar Greenville da ke birnin Jersey City, a gaɓar yamma ta mashigin tekun New York, akwai wata tashar jiragen ƙasa da layukanta suke ƙarewa a bakin ruwa. Kan jirgi yakan turo taragai cike da kaya, a hau da su kan wani faffaɗan jirgin fito da aka shimfiɗa wa dogo a bisansa, sannan wani ƙaramin jirgi mai ƙarfin inji ya tura shi tsawon kilomita 6 da ɗoriya zuwa Brooklyn, inda wani kan jirgin yake jira. Tun ƙarni na 19 ake irin wannan fito. A da jiragensa sun cika mashigin har suna gogar juna, yau kuwa wannan layi kaɗai ya rage tsakanin gaɓoɓin biyu. Tun 2008 mai shi ita ce Hukumar Tashar Jiragen Ruwa ta New York da New Jersey, wadda aka kafa ranar 30 ga Afrilu, 1921. Babban aikin da ta ɗauka a shekararta ta farko shi ne ta haƙa wa jiragen ƙasa rami a ƙarƙashin ruwa, daga Greenville ɗin nan zuwa Brooklyn, domin a huta da fito.

A 2021 hukumar ta cika shekara 100. A lokacin tana riƙe da filayen jiragen sama 5, da gadoji 4, da ramukan mota 2 a ƙarƙashin kogin Hudson, da jirgin ƙasa na fasinja, da tashar motocin safa da ta fi kowace cunkoso a duniya, da filin Cibiyar Kasuwanci ta Duniya, da tashar kwantena mafi girma a gabar gabashin Amurka. Ramin kuwa ko cebur ɗaya ba a kwasa ba. Wanda yake son ya fahimci abin da hukumar ta sa a gaba a shekarar cikarta ɗari, da abin da ta tura baya, sai ya fara da tambayar inda kuɗinta yake fitowa, domin amsar ita ta tsara mata hanya tun daga farko.

Tasha ɗaya, jihohi biyu

Tun 1834 aka tsaga iyakar jihar New York da ta New Jersey ta tsakiyar kogin Hudson. Ruwan bai san da iyakar ba, amma 'yan kasuwa sun ji ta a jikinsu. Matsayar manyan jiragen ruwa tana Manhattan da Brooklyn, a ɓangaren New York. Kusan duk layukan dogo da suka taso daga yamma da kudancin ƙasar kuwa a gaɓar New Jersey suke tuƙewa, in ban da na kamfanin New York Central da ya biyo gabashin kogin ya shiga Manhattan. Saboda haka alkamar da za a kai Turai sai an sauke ta, an loda a jirgin dako, an ƙetara da ita, an sake lodawa. Kowane kamfani yana da jiragen fitonsa da matsayarsa da leburorinsa, kuma ba ya barin na wani ya raɓe su.

A 1916 New Jersey ta kai ƙara gaban hukumar tarayya mai kula da kasuwanci tsakanin jihohi. Hujjarta ita ce, tunda kayan da aka sauke a gaɓarta ba sa buƙatar fito, bai kamata a caje su kuɗi ɗaya da na Manhattan ba. Da ta yi nasara, da ciniki ya kwarara zuwa gaɓarta, New York ta tashi a tutar babu. A ƙarshen 1917 aka kori ƙarar, aka ce tashar ɗaya ce ta fuskar tattalin arziki, ko da siyasa ta raba ta biyu. A daidai wannan hunturu, Yaƙin Duniya na Ɗaya ya nuna girman ɓarnar. Kayan yaƙi da abinci suka yi ta kwararowa, taragai suka yi jerin gwano na ɗaruruwan kilomita zuwa cikin ƙasa, jiragen ruwa na zaune a tasha babu gawayin tashi. Duk wanda ya taɓa ganin layin tireloli a Apapa ya san yadda tasha take shaƙewa idan kaya sun fi ƙarfin hanya. A watan Disamba gwamnatin Shugaba Woodrow Wilson ta karɓe ragamar jiragen ƙasan Amurka baki ɗaya.

Wani lauya mai suna Julius Henry Cohen, wanda ya tsaya wa 'yan kasuwar New York a waccan shari'a, shi ya tsara mafita. Ya ɗauko samfuri daga Hukumar Tashar Jiragen Ruwa ta Landan, wadda ta fara aiki a 1909, ya haɗa shi da wani sashe na tsarin mulkin Amurka da ya yarje wa jihohi su ƙulla yarjejeniya a tsakaninsu idan Majalisar Dokokin Tarayya ta amince. Aka shata wa sabuwar hukumar yanki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 3,900, wato kimanin kilomita 40 ta kowace fuska daga Mutum-mutumin 'Yanci. Ita ce hukuma ta farko irinta a ƙasar. Magajin garin New York na lokacin, John Hylan, ya yi mata adawa iya ƙarfinsa, domin yana ganin za a ƙwace wa birnin tasharsa a miƙa wa mutanen da ba wanda ya zaɓe su.

Kafin yarjejeniyar ta tsallake majalisun jihohin biyu, sai da aka fige ta. Cohen ya so hukumar ta sami ikon tilasta wa kamfanoni, aka rage wannan. Abin da ya fi muhimmanci, an hana ta karɓar haraji, an kuma hana ta cin bashi da sunan jihohin. An bar mata hanya ɗaya tak: ta sayar da takardun lamuni ga masu jari, ta gina abu da kuɗin, ta caji masu amfani da shi, ta biya bashin da ruwansa. Masu kawo gyara na wancan zamani sun ɗauki wannan a matsayin garkuwa. A ganinsu, hukumar da ba ta zuwa roƙon kasafi gaban 'yan majalisa ba za ta zama gonar 'yan siyasa ba. Sun yi gaskiya ta wani fanni. Abin da ba su auna ba shi ne, wanda ya rabu da ɗan majalisa ya koma hannun mai ba da bashi bai zama ɗa ba, ubangida kawai ya sauya, kuma sabon ubangidan tambaya ɗaya yake yi game da kowane aiki: zai biya kansa?

Yadda mota ta ceci hukumar jirgin ƙasa

A ƙarshen 1921 hukumar ta fitar da babban tsarinta, jihohin biyu suka amince da shi a 1922. Tsari ne na layukan dogo da za su kewaye tashar su haɗa dukan kamfanoni, da ramin Greenville a tsakiyarsa. Kamfanonin jiragen ƙasa suka saurara cikin ladabi, suka ƙi. Wanda yake da matsaya mai kyau a bakin ruwa bai ga dalilin raba ta da abokin gasa ba, hukumar kuma ba ta da sandar duka. Shekaru suka shuɗe ana taro da shari'a. Babban abin da ya fito daga wancan tsari shi ne wani katafaren ginin tara kaya da aka buɗe a 1932 a titin Eighth Avenue na Manhattan, wanda hukumar ta zauna a cikinsa shekara 40. Kamfanin Google ya saye shi a 2010.

Ana cikin wannan cijewa sai jihohin suka ba ta wani aiki na gefe, wato gina gadojin mota tsakanin New Jersey da tsibirin Staten. A 1928 aka buɗe gadar Goethals da ta Outerbridge. Wannan suna na biyu yana ruɗar mutane har yau, domin a Turanci ya yi kama da “gadar can waje”, alhali sunan shugaban hukumar na farko ne, Eugenius Outerbridge. A watan Oktoba na 1931 aka buɗe gadar George Washington, aikin injiniya Othmar Ammann ɗan asalin Suwizalan. Tsakiyarta mita 1,067 ce babu ginshiƙi, kusan ninki biyu na gadar da ta riƙe kambu kafin ita, kuma an gama ta kafin wa'adi. Wata ɗaya bayan nan gadar Bayonne ta biyo.

Gadojin tsibirin Staten ba su sami motocin da aka yi hasashe ba, ga kuma karayar tattalin arziki ta shekarun 1930. Hukumar ta kusa kasa biyan bashi. Abin da ya tsamo ta shi ne ramin mota na Holland, wanda jihohin biyu suka gina da kansu suka buɗe a 1927, sannan suka miƙa mata. Ramin yana zubo kuɗi kamar famfo. Daga nan aka yarje mata ta zuba kuɗin shigar dukan kadarorinta a tukunya ɗaya, mai riba ya ɗauki nauyin mai asara, a kuma ci sabon bashi da jinginar tukunyar gaba ɗaya. Wannan dabara ta akanta, wadda ba a yi mata biki ba, ta fi kowace gada tasiri a tarihin hukumar. Ma'anarta ita ce kuɗin fito ba zai taɓa ƙarewa ba ko da an gama biyan kuɗin gadar. Santi 50 da direba yake miƙawa a 1931 sun zama jarin gina duk abin da shugabannin hukumar suka ga dama, muddin masu lamuni sun gamsu.

Mutumin da ya fi kowa sanin amfanin wannan tukunya shi ne Austin Tobin, wanda ya shiga hukumar yana ƙaramin lauya, ya zama babban daraktanta daga 1942 zuwa 1972. A 1947 ya karɓi hayar filin jirgin sama na LaGuardia da na Idlewild, wanda aka sauya wa suna zuwa John F. Kennedy a 1963. A 1948 ya karɓi filin jirgin sama na Newark da tashar ruwan birnin. A 1950 ya buɗe tashar motocin safa a tsakiyar Manhattan. Ya kewaye kansa da ƙwararrun injiniyoyi da lauyoyi, yana biyansu albashin da ya fi na gwamnati, kuma yana kishin 'yancin hukumar har ya ƙi miƙa takardunta na cikin gida ga wani kwamitin Majalisar Wakilai a 1960. An same shi da laifin raina majalisa, kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi.

A zamaninsa ne aka yi abin da ya sauya kasuwancin duniya. Ranar 26 ga Afrilu, 1956, wani tsohon jirgin dakon mai da aka yi wa kwaskwarima, Ideal-X, ya tashi daga tashar Newark zuwa Houston ɗauke da kwantena 58, bisa dabarar Malcom McLean, wanda asalinsa mai kamfanin tireloli ne. Kwantena tana son fili mai faɗi da babbar hanya a kusa, abin da matsayun Manhattan da Brooklyn masu ƙunci ba su da shi. Hukumar ta cike fadamar Elizabeth, kusa da Newark, ta buɗe tashar da aka gina musamman domin kwantena a 1962. Cikin shekara 20 matsayun New York suka zama kufai, dubban 'yan dako suka rasa abin yi. Abin da New Jersey ta nema a kotu a 1916 ta rasa, akwatin ƙarfe ya kawo mata har gida. Sai dai matsalar asali ta juya ne kawai, ba ta gushe ba. Yanzu kaya suna sauka a yammacin kogi, miliyoyin masu sayensu suna zaune a gabas, tirela ce take cike giɓin, kuma kowace tirela tana biyan hukumar kuɗin fito.

Tobin ya guji jirgin ƙasa na fasinja kamar yadda ake gudun kuturta a da, domin ya san ba ya biyan kansa. Amma a farkon shekarun 1960 ya so gina Cibiyar Kasuwanci ta Duniya, aikin da David Rockefeller ya daɗe yana tallatawa, New Jersey kuwa ta ce ba za ta sa hannu a kan benayen da za a gina wa Manhattan ba sai an ba ta nata rabon. Rabon shi ne hukumar ta ɗauki wani kamfanin jirgin ƙarƙashin ƙasa da ya karye, Hudson and Manhattan, wanda yake kai ma'aikata daga Newark da Hoboken zuwa birni. A 1962 aka yi cinikin, jirgin ya koma PATH. Tobin bai karɓa hannu sake ba. Ya sa jihohin biyu suka yi wa masu lamuni alkawari a cikin doka cewa ba za a ƙara jibga wa hukumar wani jirgin fasinja mai asara fiye da wata iyaka ba. A 1974 jihohin suka soke alkawarin, masu lamuni suka kai ƙara, a 1977 Kotun Ƙoli ta ce sokewar ta saɓa wa tsarin mulki. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A wannan shari'a an ga ƙarara wanda maganarsa take gaba idan muradin fasinja ya ci karo da na mai jari.

An ƙaddamar da tagwayen benayen masu hawa 110 a watan Afrilu na 1973. Sun daɗe ba su cika da 'yan haya ba, har sai da ofisoshin gwamnatin jiha suka toshe giɓin. A watan Yuli na 2001 hukumar ta ba da hayarsu ta shekara 99 ga Larry Silverstein. Makonni kaɗan bayan nan aka kai harin 11 ga Satumba. Hukumar ta rasa ma'aikata 84, cikinsu da 'yan sandanta 37 da babban daraktanta Neil Levin, domin hedikwatarta tana cikin benen arewa. Sake gina wurin ya cinye mata fiye da shekara 10 da biliyoyin daloli. Tashar jirgin PATH kaɗai, mai siffar tsuntsu da fukafukai, ta lashe kusan dala biliyan 4, kimanin ninki biyu na ƙiyasin farko.

A wannan tsakani garkuwar da Cohen ya ƙera ta huje. Doka ta ba gwamnonin biyu ikon naɗa kwamishinoni 12 da soke duk shawarar da suka yanke, daga baya kuma al'ada ta kafu cewa gwamnan New York ya zaɓi babban darakta, na New Jersey ya zaɓi shugaba. Tukunyar ta zama abin rabo. A 2010 Gwamna Chris Christie ya soke aikin sabon ramin jirgin fasinja a ƙarƙashin Hudson, aka karkatar da dala biliyan 1.8 na hukumar zuwa gyaran hanyoyin jiharsa. A watan Satumba na 2013 muƙarrabansa suka rufe layukan shiga gadar George Washington daga garin Fort Lee na tsawon kwana 4, domin su hukunta magajin garin da ya ƙi mara wa gwamnan baya a zaɓe. Motocin makaranta da na asibiti suka maƙale. Majalisun jihohin biyu suka zartar da dokar gyara ba tare da ƙuri'ar adawa ko ɗaya ba, gwamnonin biyu suka ƙi sa mata hannu a ƙarshen 2014. A 2016 tsohon shugaban hukumar, David Samson, ya amsa laifin matsa wa kamfanin United Airlines ya riƙa tashin wani jirgi zuwa kusa da gidan hutunsa. Kotun Ƙoli ta soke hukuncin da aka yanke wa biyu daga cikin masu rufe gadar a 2020, bisa dalilin cewa abin da suka yi cin amanar muƙami ne, amma bai shiga ma'anar zamba a dokar tarayya ba.

Shekarar cika ɗari

Sabbin shugabannin da aka naɗa a 2017, Rick Cotton a matsayin babban darakta da Kevin O'Toole a matsayin shugaba, sun gaji tsarin manyan ayyuka na shekara 10 da ya kai dala biliyan 32, aka ɗaga shi zuwa biliyan 37 a 2019. A wannan shekara fasinjoji kimanin miliyan 140 suka bi ta filayen jiragen hukumar, adadin da ba a taɓa samu ba. Da haka aka tunkari bikin ɗari, sai annobar korona ta sauka. Cotton kansa yana cikin manyan jami'an farko da suka kamu, a watan Maris na 2020. Wata ɗaya bayan nan fasinjojin jirgin sama da na PATH sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100. Hukumar ta ƙiyasta za ta yi asarar dala biliyan 3 cikin shekara 2, ta nemi Majalisar Dokokin Tarayya ta cike mata, abin da ta samu bai kai ko kusa ba. Tsarin da ya sa ta fi ƙarfin 'yan majalisa shekara 99 shi ne ya bar ta ba mataimaki a shekara ta 100. Birni yana da harajin gidaje ko mutane sun fita ko ba su fita ba, ita kuwa ba ta da komai sai mai wucewa.

Abin da ta zaɓa ta kare a cikin wannan ƙunci ya nuna inda zuciyarta take. Filayen jiragen sama ne a kan gaba. LaGuardia, wanda Joe Biden ya taɓa kwatanta shi da filin jirgin ƙasashe matalauta a 2014 lokacin yana mataimakin shugaban ƙasa, ana tsakiyar rushe shi da sake gina shi a kan dala biliyan 8, jirage na tashi da sauka ba a tsaya ba. Aikin bai dakata ba ko a tsakiyar annobar, kuma ƙarancin fasinja ma ya ba magina sarari. A Newark ana gina sabon zauren fasinja na dala biliyan 2.7, wanda aka buɗe a farkon 2023. A filin Kennedy annobar ta warware yarjejeniyoyin da aka ƙulla da masu jari, aka shafe 2021 ana sake ɗinke su, har a watan Disamba aka sanar da sabon zaure na dala biliyan 9.5 da kamfanoni masu zaman kansu za su gina da kuɗinsu. A nan akwai sauyi mai zurfi da ba a cika magana a kansa ba. Kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin LaGuardia na 'yan kasuwa ne, kuma kamfanin da ya gina babban zaurensa zai riƙe shi yana cin moriyarsa har 2050. Hukumar da ta yi suna da injiniyoyinta tana komawa mai gidan haya.

Na biyu shi ne tashar motocin safa, wadda kafin annobar take ɗaukar tafiye-tafiye kusan 260,000 a kowace ranar aiki, rufinta na yoyo, hanyoyin hawanta sun gaji da nauyin motocin zamani. An shafe shekaru ana jayayya a kan inda za a mayar da ita, mazauna unguwar suna tsoron a rushe musu gidaje kamar yadda aka yi a 1950. A watan Janairu na 2021 hukumar ta yanke cewa za ta sake gina ta a mazauninta ba tare da ƙwace filin kowa ba, a kan kuɗin da ka iya kaiwa dala biliyan 10, wani kaso daga sayar da izinin gina dogayen benaye a kan filayenta. Wannan shi ne aikin da ya fi shafar talakan ma'aikaci a cikin jerin, kuma ba mamaki shi ne ya fi daɗewa yana jiran kuɗi, domin tashar ba ta biyan kanta. Sai a 2025 aka fara aikin a ƙasa.

Akwai kuma gyaran tsofaffin kadarori, wanda ba ya jawo hoto a jarida amma rayuka sun rataya a kansa: sauya igiyoyin ƙarfe 592 da suke riƙe da gadar George Washington, da gyaran ramukan PATH da ruwan gishiri ya ci a guguwar Sandy ta 2012. A watan Oktoba na 2021 hukumar ta yi alkawarin kawo hayaƙinta mai ɗumama yanayi zuwa sifili nan da 2050, ta kuma rage rabin wanda take fitarwa kai-tsaye nan da 2030. Alkawari ne mai nauyi a bakin hukumar da abincinta yake fitowa daga mota da jirgin sama.

Wani aiki ɗaya ya nuna cewa hannun gwamnoni bai saki ba. Gwamna Andrew Cuomo ya nace a gina jirgin sama-da-ƙasa zuwa LaGuardia a kan fiye da dala biliyan 2, ta hanyar da za ta fara nisanta fasinja daga Manhattan kafin ta dawo da shi. Masana sufuri sun yi ta suka, hukumar ta yi ta karewa. A watan Yuli na 2021 gwamnatin tarayya ta amince, a watan Agusta Cuomo ya yi murabus, a watan Oktoba magajiyarsa Kathy Hochul ta sa aka dakatar. A 2023 aka binne shi. Babu abin da ya sauya a lissafin injiniya tsakanin Yuli da Oktoba, mai kujera ne kawai ya sauya.

Abin ban sha'awa a shekarar shi ne, sashen da hukumar ta samo sunanta daga gare shi, wanda kuma yake kawo mata ƙaramin kaso na kuɗin shiga, shi ne ya bunƙasa. Amurkawa da suka maƙale a gida sun daina kashe kuɗi a tafiya da gidajen abinci, suka koma sayen kaya ta intanet. Tashar ta karɓi kwatankwacin kwantena kusan miliyan 9 masu tsawon ƙafa 20 a 2021, daga miliyan 7.5 a 2019. A nan dole a ba hukumar haƙƙinta, domin ta shirya. Ganin za a faɗaɗa mashigin Panama, an zurfafa hanyar jirage zuwa mita 15, aka kuma ɗaga titin gadar Bayonne daga mita 46 zuwa 65 da ɗoriya a kan kusan dala biliyan 1.7, ba tare da rushe bakan ƙarfen da Ammann ya gina ba. Makonni 3 bayan ranar cika ɗari, jirgin CMA CGM Marco Polo mai ɗaukar kwantena 16,000 ya ratsa ƙarƙashinta zuwa Elizabeth, kuma shi ne mafi girma da ya taɓa zuwa gabar gabas a lokacin. Da jirage suka yi cincirindo a bakin Los Angeles, masu kaya suka karkato gabas, har a wasu watanni na 2022 wannan tasha ta zama ta ɗaya a Amurka.

Kwantenar da za ta tafi Chicago tana iya hawa jirgin ƙasa daga bakin tashar, domin hukumar ta shimfiɗa dogo a can. Wadda za ta je Brooklyn ko Queens ko tsibirin Long Island, tafiyar ɗan lokaci, tirela za ta ja ta. Kusan kashi 90 cikin 100 na kayan da suke shiga birnin New York a kan mota suke zuwa. Kuɗin wannan ba ya bayyana a littafin akantan hukumar. Yana bayyana a unguwar Ironbound ta Newark da ke maƙwabtaka da tashar, da kudancin Bronx inda babbar hanyar da ta sauko daga gadar George Washington ta tsaga unguwannin talakawa, inda kuma ciwon asma a tsakanin yara ya yi suna a faɗin ƙasar. A Bronx ɗin ne dubban 'yan Afirka ta Yamma suke zaune, cikinsu da Hausawan zangunan Gana da mutanen Nijar.

Ramin Greenville yana da masu suka na gaskiya. Kuɗinsa biliyoyin daloli ne. Gabashin kogi ba shi da filin tara taragai, kuma mazauna Maspeth a Queens, inda aka yi tunanin kafa babbar tasha, sun ce ba za su karɓi tirelolin da aka ɗauke wa wasu ba. Akwai masu ganin kayan zamani, ƙananan ƙunsoshi da ake so a ƙofar gida gobe, ba su dace da jirgin ƙasa ba. Amma ba waɗannan hujjoji ne suka hana shi shekara 100 ba. Ya faɗi jarrabawar da kowane aikin hukumar yake zaunawa, ta biyan kai, ga shi kuma duk taragon da ya bi ta cikinsa zai rage mata tirelolin da suke biyan fito. A cikin tsarin dala biliyan 37, abin da aka ware masa kuɗin nazari ne.

Ɗan Majalisar Wakilai Jerrold Nadler ya shafe fiye da shekara 30 yana bin wannan rami. An kammala zangon farko na nazarin tasirinsa ga muhalli a farkon 2016, aka rage zaɓi zuwa biyu: a haƙa ramin, ko a inganta fiton. Zango na biyu ya tsaya, sai a watan Fabrairu na 2022 shi da Gwamna Hochul suka sanar da cewa za a ci gaba da shi. A halin da ake ciki, tun da gadar Poughkeepsie ta ƙone a 1974, jirgin kayan da zai je Brooklyn daga New Jersey, idan bai hau jirgin fito na Greenville ba, sai ya nausa arewa kimanin kilomita 225 zuwa Selkirk kusa da Albany, ya ƙetare Hudson a can, sannan ya sake gangarowa wasu kilomita 225 ta ɗaya gaɓar.